Ginin tukwane a cikin gida: tsagewa, hayaƙi da lissafin riba

Maginiyar Burja ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina zaune a unguwar Burja a nan Maradi, kuma ina sana'ar ginin tukwane a cikin gidan aurena. Na koyi aikin a hannun kakata tun ina yarinya a ƙauye, na bar shi da aure ya kawo ni birni, sai bara na koma masa, domin tsadar rayuwa ta sa kowace mace tana neman abin da za ta riƙa taɓawa ba tare da ta bar ɗakinta ba. Abin da nake ginawa bai wuce kaskon turare, asusu, tandar masa, tukwanen shuka furanni da ƴan tuluna ba. Yumɓu kuwa masu amalanke ne suke kawo mini daga fadamar Gulbi.

A ƙauye aikin yana da fili, matoya tana bayan gari, kuma kakata da kanta take zuwa ta haƙo yumɓun da ta sani. A nan kuwa tsakar gida ɗaya ce ake girki a cikinta, ake wanki, yara suke wasa, akuya take ɗaure, ni kuma nake shanya kayana. Tun da hunturu ya shigo, tuluna suna tsagewa daga gindi tun kafin su ga wuta, waɗanda suka tsira kuma wasu suna fashewa a wurin gashi har su ɓata na kusa da su. Akwai wani abin da ya fi ɗaure mini kai: kasko zai fito daga wuta lafiya ƙalau, in ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara mai daɗi, amma bayan ƴan makonni sai in ga ya ɓantare nan da can, a tsakiyar kowane gurbi kuma akwai wani ɗan farin abu kamar alli. Wata mata ta dawo mini da kasko biyu a kan haka, kuma ban san abin da zan ce mata ba.

Wani ɗan'uwan maigidana ya nuna mini bidiyo a waya na masu ginin tukwane a ƙasashen waje, suna gasa kayansu a tanderun lantarki suna shafa musu wani abu mai ƙyalli kamar tangaran, ya ce idan na yarda zai taimaka a sayo mini irinsa. Kafin in ɗora wa kaina da shi nauyin da ba za mu iya ɗauka ba, ina son jin ta bakin waɗanda suka san aikin. Shin laifin yumɓu ne, ko na shanya, ko na wuta? Kuma yaya mace take tsara yininta idan sana'ar da hidimar gida suna wuri ɗaya? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Ɗiyar Maginiya ta amsa:

Wa alaikumus salam, Yaya. Na karanta wa Innata tambayarki, domin ita ce ta tsufa a cikin aikin, kuma yawancin abin da zan rubuta daga bakinta ne, ni alƙalami kawai nake riƙewa. Maganarta ta farko ita ce, tukunyar da ta fashe a wuta tun a tsakar gida ta fashe, wuta dai tona asiri ta yi. Saboda haka ta ce ki bar zancen tanderu tukuna, ki koma kan yumɓu da shanya.

Yumɓun amalanke ba abin dogara ba ne sai kin san mai kawo shi. Fadamar Gulbi hawa-hawa take, na sama yana cike da saiwoyi da rairayi, na ƙasa ya fi danƙo, kuma rami biyu da ke kusa da juna suna iya ba da ƙasa iri biyu. Mai amalanke lodi yake nema, duk inda ya fi sauƙin haƙa nan zai sa shebur. Ki tsayar da mutum ɗaya, ki ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa, da sharaɗin ya riƙa ɗebo miki daga rami ɗaya bayan ya kwashe na sama ya zubar. Idan kaya ya iso, ki jiƙa kaɗan ki murza shi ya yi kaurin yatsa, sannan ki naɗe shi a yatsarki. Idan ya kakkarye, rairayi ya yi masa yawa, ba zai ɗauki ginin tulu ba. Idan ya naɗu sumul yana manne wa hannu, to mai ƙarfi ne, amma irinsa ne yake tsagewa a wurin bushewa idan aka gina shi tsura, don haka dole a karya ƙarfinsa da dakakken tsingaro.

A nan Inna ta tambaya ko kina zubar da fasassun tukwanenki. Ta ce kada ki sake ko ɗaya ya bar gidan. A daka su a turmin da aka ware don haka, a tankaɗe, mai laushi ya tafi ga ƙananan kaya, mai ɗan tsakuwa ya tafi ga tulu da randa. Ita tana farawa da awo ɗaya na tsingaro a kan awo uku na yumɓu, sai ta ƙara ko ta rage gwargwadon yadda hannunta ya ji, domin babu awon da zai dace da kowace ƙasa. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara ƙanƙancewa, shi ya sa yake riƙe jikin tukunya lokacin da yumɓun ke janyewa, kuma yana buɗe wa laima hanyar fita. Wasu suna zuba ƙaiƙayin gero ko busasshen kashin jaki, wanda ke ƙonewa a wuta ya bar ƙananan ƙofofi, kuma wannan yana da kyau ga randar ruwa, amma ba a son shi da yawa a tukunyar miya.

Kada ki jiƙa yumɓu yana da ɗanye-ɗanye. Ki baza shi a rana ya bushe ƙarau, ki farfasa, sannan ki zuba masa ruwa, domin busasshe ya fi saurin narkewa, ɗanye kuwa sai ya kwana a ruwa cikinsa na nan da gudaji. Bayan an cuɗa shi da ƙafa a kan tsohuwar tabarma, a rufe shi da leda ya yi ƴan kwanaki. Wanda ya kwanta ya fi biyayya a hannu nesa ba kusa ba.

Game da tsagewar gindi, iskar hunturu ce da kaurin gindin. Bakin tulu siriri ne kuma yana sama inda iska ke bugunsa, sai ya bushe ya tsuke alhali gindin yana nan jiƙe, daga baya gindin ya zo zai tsuke ya tarar babu inda zai motsa, sai ya yage. Ki yi ƙoƙari kaurin gindi da na ciki su zama ɗaya. Da kin gama gini ki naɗe baki da jiƙaƙƙen tsumma, ki shigar da tulun ɗaki ki ja ƙofa, kuma da zarar ya iya ɗaukar kansa ki kife shi gindi ya kalli sama. Daga ɗaki sai inuwar rumfa, rana kuwa sai a ƙarshe. Kada ki ajiye ɗanyen kaya a kan siminti ko leda, domin gindi yana mannewa ya kasa janyewa, gara ki shimfiɗa rairayi ko tsohon buhu. Kafin ki ce kaya ya bushe, ki kara gindinsa a kuncinki: idan kin ji sanyi, da sauran ruwa a ciki ko da idonki ya ga ya yi fari.

Tsarin yini kuwa, Inna ta ce iska ce ke tsara shi. Gini daga bayan sallar asuba ne zuwa hantsi, kafin iska ta tashi, kuma a lokacin yara ba su fara kai da komo ba. Bayan azahar sai ayyukan da za a iya katsewa idan an kira ki: daka tsingaro, shafa jar ƙasa, goge kaya da dutse mai santsi, juya waɗanda ke shanya. Babban kaya kamar randa ba a gama shi a zama ɗaya, ana gina ƙasa a bar shi ya ɗan yi tauri sannan a ɗora sama, don haka ba a fara shi ranar da ake da biki ko suna, domin idan ƙasan ya wuce lokacinsa ɗorin ba zai kama ba. Ki kuma kewaye kusurwa ɗaya ta tsakar gidan da zana, a san nan wurin aikinki ne. Akuya ba ta san tulu ba.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Malama, abin da Inna ta faɗa ya yi daidai da abin da ke cikin littattafanmu, sai dai in ƙara bayanin dalili, in kuma amsa zancen farin abin nan da ba a taɓo ba.

Ruwa iri biyu ne a jikin tukunya. Na farko shi ne wanda kika zuba da hannunki, wanda ke tafasa a digiri 100 ya zama tururi. Idan wuta ta kama da sauri kuma gindi yana da kauri, tururin ba ya samun mafita, sai ya fasa jikin da ƙarfi, kuma wannan ita ce fashewar da ake ji jim kaɗan bayan an kunna wuta. Na biyu yana ɗaure ne a cikin ƙwayar yumɓun kanta, ba ya fita sai zafi ya kai tsakanin digiri 450 da 600, kuma sai ya fita ne yumɓu yake zama tukunyar da ba za ta koma laka ba idan ta sha ruwa. A digiri 573 kuma ƙwayoyin rairayin da ke ciki suna ɗan kumbura farat ɗaya, su sake tsukewa a daidai wannan zafi idan wuta tana hucewa, shi ya sa kayan da aka janye daga wuta aka bar wa iska mai sanyi suke yin siririyar tsaga. Gashin fili irin namu yakan kai tsakanin digiri 600 da 900, amma ba daidai ba a ko'ina, gefen da iska ke hurawa ya fi zafi.

Farin abin da kika gani farar ƙasa ce, wato ƴan tsakuwoyin dutsen da ake ƙonawa a yi farin shafen bango. Idan irin wannan tsakuwa ta shiga jikin kasko ta sha zafin da ya kai wajen digiri 800, sai ta sauya hali ta zama mai jan laima daga iska, ta kumbura a hankali har ta ture ɓangaren da ke kanta. Shi ya sa ba a ganin aibin sai bayan makonni. Ki tsinci ƴan fararen tsakuwoyi daga cikin busasshen yumɓunki ki ɗiga musu ruwan lemun tsami, idan sun yi kumfa to su ne. Maganinsu tacewa ce: ki dama yumɓun ya yi ruwa-ruwa, ki tace da rariya mai ƙananan ido, ki bar shi ya kwanta ki tsiyaye ruwan sama. Aiki ne mai cin lokaci, amma ga ƙananan kaya irin kaskon turare ya cancanta. Ga gwajin sabon yumɓu kuma, ki yi ɗan faifai ki ja layi mai tsawon santimita 10 a kansa, ki sake aunawa bayan ya bushe. Idan layin ya koma ƙasa da santimita 9, yumɓun yana janyewa da yawa, a ƙara tsingaro.

Tanderun lantarki ban ba ki shawarar saye ba. Ko ƙaraminsa yana jan wutar da ta fi ƙarfin layin yawancin gidajenmu, kuma yana bukatarta awowi da yawa a jere ba yankewa, alhali duk mazaunin Maradi ya san halin wuta a bazara. Abin ƙyallin nan kuma gilashi ne da ake narkarwa a jikin kaya, mafi yawansa yana son zafin da ya haura digiri 1,000, yumɓun fadama kuwa yakan fara lanƙwashewa idan an matsa masa da zafi irin wannan. Ban da haka, gilashin yana toshe ƙofofin jikin tulu, kuma ta waɗannan ƙofofi ne ruwa ke tsattsafowa iska ta busar da shi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Tulu mai ƙyalli ba ya sanyaya ruwa. Wanda zai kawo misalin Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane ta Najeriya wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ya tuna cewa a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma a can akwai tanderu mai zafi sosai da yumɓun da aka haɗa musamman don ya jure shi. Gwanintar hannunta daga gida ta zo da ita, amma ƙyallin aikin cibiya ne, ba na tsakar gida ba.

Ina kuma gargaɗi da babbar murya: idan wani ya ce miki ana samun ƙyalli a ƙaramar wuta da garin cikin tsohon batirin mota, ki guje shi. Dalma ce, tana narkewa cikin abinci mai tsami, kuma ta fi yi wa yara illa. Ba mu manta yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Ƙurar yumɓu da ta tsingaro ma ba abin wasa ba ce, domin shaƙarta shekara da shekaru tana lalata huhu. Ki yayyafa ruwa kafin shara, ki rufe hanci wurin daka, ki nisantar da goyo daga turmin. Idan akwai kuɗin taimako, ni a ganina gara a gina miki ƙaramin tanderun bulo mai ƙofar wuta a ƙasa, wanda zai riƙe zafi ya rage cin makamashi.

Mai Saro Tukwane ya amsa:

Hajiya, ni ba magini ba ne, saye nake ina sayarwa a kasuwa, don haka ta fuskar kuɗi zan yi magana. Da izinin Malam, ban goyi bayan gina tanderu yanzu ba, ko na bulo ne. Tanderu yana biyan kansa ne idan ana cika shi a kai a kai, mace ɗaya mai girki da reno kuwa ba za ta gina abin da zai cika shi kowane mako ba. A fara gyara yumɓu da shanya, a ga yawan abin da ke tsira, sannan a yi maganar gini.

Abin da na ga yana karya masu sana'ar nan a cikin gida shi ne rashin lissafi. Mace za ta ƙirga kuɗin yumɓu kawai, ta manta jarkokin da ta saya a hannun ƴan garuwa, da kara da kashin shanu, da ladan mai amalanken da ya kai kaya matoya ya dawo da su, da waɗanda suka fashe. A ce kin gina kasko 20, huɗu sun lalace, to kuɗin 20 ɗin nan a kan 16 za a raba shi kafin a yi maganar riba. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo a kowane gashi, bayan gashi kaɗan za ki ga kayan da ke ciyar da ke da wanda ke kike ciyar da shi.

Kada ki yi takara da roba da tukwanen alminiyam a inda suka riga suka ci kasuwa. Ki tsaya ga abin da ba su iyawa: sanyaya ruwa da ɗaukar garwashi. Kowane kaya kuma da lokacinsa. Tulu da randa suna tashi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai kuma azumi, don haka a cikin ɗari ake gina su a tara. Kaskon jin ɗumi na Disamba da Janairu ne. Kaskon turare yana tafiya da bukukuwan aure, waɗanda ke yawaita bayan kaka idan amfanin gona ya shigo hannu, tanda kuwa masu tuyar masa suna nemanta duk shekara. Wanda ya gina tulu a watan Mayu yana son ya sayar a bazarar nan ya makara, domin kafin ya bushe ya sha wuta hadari ya haɗo. Akwai kuma tukunya cikin tukunya, wadda ake zuba jiƙaƙƙen rairayi tsakaninsu don adana tumatir da ganye, dabarar da Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Mai sayar da kayan miya da ya ga amfaninta zai iya saye, amma sai an nuna masa da ido.

Mu masu saro abu biyu muke dubawa. Muna ƙwanƙwasa kaya da yatsa mu saurara, idan ƙarar ta fito tsaf mun san ya gasu kuma babu ɓoyayyar tsaga, idan ta fito a dushe mu ajiye. Sannan muna son girma ɗaya, domin kaya masu kai ɗaya sun fi daɗin jerawa a amalanke da yanke wa farashi. Ki yanki kara biyu, ɗaya na faɗin baki ɗaya na tsayi, ki riƙa aunawa. Garuruwan Mirya ta ƙasar Damagaram da Bubon ta bakin kogin Kwara sun yi suna ne a ginin tukwane don mai saye ya san abin da zai tarar tun kafin ya je. Kuma kafin kaya su bar ƙofar gidanki, a yanke magana a kan wanda zai ɗauki asarar abin da ya fashe a hanya, a shimfiɗa ciyawa a ƙasan amalanke da tsakanin kaya. Bashin maƙwabta kuwa ki yi masa iyaka tun da wuri, domin kuɗin asusu ɗaya ba ya isa a yi rigima a kansa, amma idan suka taru jarinki ne.

Maginiyar Burja ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya saka wa Malam da Alhaji. Na ɗiga lemun tsami a kan tsakuwoyin kamar yadda Malam ya ce, kuma sun yi kumfa, don haka zan fara tace yumɓun ƙananan kaya. Saura magana ɗaya. A wani kango da ke bayan gidanmu nake gashi, kuma maƙwabta sun fara ƙorafin hayaƙi, ɗaya daga cikinsu ma tana da yaro mai ciwon asma. Ba na son sana'ata ta zama sanadin ɓata zumunci. Ina masu yin aikin a cikin gari suke kai kayansu, kuma da wane makamashi ya fi dacewa a gasa, tun da itace ya yi tsada?

Tsohon Mai Gashi ya amsa:

Ɗiyata, maƙwabtanki suna da gaskiya, kuma ba hayaƙi kaɗai ne abin tsoro ba. Unguwa cike take da zana da rumfunan kara da tarin harawa a kan soraye, tartsatsi ɗaya a iskar hunturu ya isa ya jawo abin da ba a fata. Gashi aikin bayan gari ne. Ki nemi wasu mata masu sana'ar, ko biyu ne ko uku, ku haɗa kayanku ku riƙa gasawa tare, ku raba kuɗin amalanke da na makamashi, domin babban tari ya fi ƙarami riƙe zafi, kuma abin da kowace za ta kashe ya ragu. Maigidanki ya je wurin mai unguwa a nuna muku filin da ba na gonar kowa ba kuma nesa da gidaje. Kowace ta yi wa kayanta alama a gindi tun suna ɗanye, don kada a yi musu wurin kwasa.

Ranar gashi a baza kaya a rana tun safe su ɗumama. Manya irin tulu da randa a zuba musu ɗan garwashi a ciki, ko a ƙona busasshiyar ciyawa a bakinsu, har sai jikinsu ya yi zafin da hannu ba ya jimawa a kai, domin wannan ne ke korar ragowar laimar da Malam ya yi bayani. Sai a shimfiɗa busasshen kashin shanu da ƙirare a ƙasa, a jera manya a kife ko a kishingiɗe baki na kallon ciki, ƙanana su shiga tsakani, a rufe tarin da manyan katangun fasassun tukwane don harshen wuta kada ya doki sabon kaya kai tsaye. A bisa wannan a ɗora kara da ciyawa da sauran kashin shanu, a yayyafa toka ko ƙaiƙayi a sama don wutar ta ci a hankali. Ana kunnawa ne da la'asar sakaliya idan iska ta kwanta, kuma daga gefen da iska ke nufa, yadda wuta za ta riƙa tafiya tana fuskantar iskar maimakon iskar ta kore ta ta cinye tarin cikin ɗan lokaci. Inda aka ga rami ya buɗe ana hango jan kaya, a toshe shi da ciyawa nan take, in ba haka ba wurin zai iya fitowa da tsaga.

Kashin shanu ya fi kara riƙe zafi, kara kuwa ya fi saurin tashi, shi ya sa ake haɗa su. Ki sayi karanki da kaka, lokacin da gonaki ke cike da shi, ki ɗaure ki ajiye a bisa rumfa, domin da bazara ta matso masu kiwo ne za su yi miki takara a kansa. Kada a sa taya ko leda ko tsummokaran roba, hayaƙinsu guba ne kuma warinsa yana kama jikin tulu ya ɓata ɗanɗanon ruwa. Kada kuma a tura yara su sassaro ɗanyen itace a gonakin mutane, musamman gawo, domin tun daga shekarun 1980 manoman ƙasar Maradi suke renon itatuwan da ke tohowa a gonakinsu, kowane da mai shi, kuma ma'aikatan gandun daji ba sa wasa da wannan.

Tukwanen girki kaɗai ake cirowa da dogon itace suna da zafi a yayyafa musu ruwan dafaffiyar bagaruwa, wanda ke ba su duhun launi ya kuma rage musu tsattsafo. Tulu da randa ba a yi musu haka, tun da tsattsafon ake so. Su a bar su cikin toka su kwana, a kwashe da safe bayan sun huce, sannan a cika kowane da ruwa ya yini a ga ko yana yoyo kafin a kira mai saro.